Wanda Allah ya karɓa, a ina zai zauna a cikinmu?

Malam Istifanus (Garwa): Salama a gare ku 'yan'uwa. Ina da magana kuma ina so a yi ta da gaske ba wai kowa ya turo amin ya wuce ba. Ku duba mutanen da Yesu ya taɓa a cikin bishara, yawancinsu waɗanda gari ya riga ya yar ne, kuturu, mai karɓar haraji, mace mai zubar jini shekara 12, mai aljanu da ke kwana a makabarta. Abin da na lura shi ne kusan duk sai ya mayar da su cikin mutane. Kuturun Markus 1 ya ce masa je ka nuna kanka ga firist, don firist ne ke da ikon cewa wannan ya tsarkaka ya koma gari. Na ƙasar Garasinawa a Markus 5 roƙo ya yi a bar shi ya bi Yesu cikin jirgi, Yesu ya hana, ya ce koma gida wurin mutanenka. To idan haka alherin Allah yake aiki, mu da muke gidan da ake turo su, yaya muke karɓarsu?

Dauda ƙarami: Amin Malam

Malam Istifanus (Garwa): Dauda kai fa na ce kada a yi haka

Dauda ƙarami: Hhhh yi haƙuri Malam, hannu ne ya saba. Ina bi

Maman Rifkatu (Marwa): Malam kun taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ba zan je nesa ba. Akwai wata yarinya a wajenmu, 'yar wajen duwatsu ce ta bakin iyaka, mutanen daji, wato 'yan Boko Haram, suka kwashe su lokacin da abin ya yi zafi, ta daɗe a hannunsu sannan Allah ya kuɓutar da ita ta dawo da goyo. Yarinyar nan an yi mata baftisma tun kafin a ɗauke ta, tana cikin mawaƙa ma a ƙauyensu. Yanzu tana zuwa sujada amma ku zo ku gani, benci mai ɗaukar mutum takwas sai ka ga ita kaɗai da ɗanta, mata su matse a wani bencin kamar babu wuri. Ta fara toya ƙosai a bakin layi, maƙwabta musulmi suna saya, namu kuwa sai su wuce su je wurin wata can gaba. Yara kuma sun ji a bakin manya suna kiran ɗan da sunan da ba zan rubuta a nan ba. Ita ba ta yi laifin komai ba fa, ɗauke ta aka yi da bindiga.

Bitrus (Mokolo): Mama ina gaishe ku. Ni maganar yarinyar nan ba ni da ja, an zalunce ta sau biyu, daji sun yi nasu mu ma mun ƙara. Amma tun da wuri a raba magana gida biyu don na san inda za ta je. Akwai wanda aka ƙi ba laifinsa, akwai wanda shi ya jawo. Tun 2014 muke binne mutane a yankin nan na arewacin Kamaru, Kolofata, Amcide, Fotokol, ƙauyukan Mayo Tsanaga da yawa sun zama kufai, sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo cike da mutanen da aka kora daga gidajensu. Yayana yana cikin waɗanda aka kashe a gona. Yanzu waɗanda suka riƙe bindiga suna fitowa suna miƙa wuya, gwamnati ta kafa kwamitin karɓarsu tun 2018, ana ajiye su a Mora da Meri. To in gobe ɗaya ya shigo majami'a ya ce ya tuba sai in matsa masa a benci? Ku da ke Garwa da Ngawundere magana tana muku sauƙi

Malam Istifanus (Garwa): Allah ya ta'azantar da kai Bitrus. Ba na raina abin da ka ɗauka.

Saratu nas: Bari in sa baki a gefen da na sani, gefen marasa laifin, don ko su ba mu gama da su ba balle a je ga masu laifi. Kuturta. Har yau akwai masu cewa gado ce ko la'ana ko wani ya yi wa mutum asiri, alhali ƙwayar cuta ce kuma tana da magani, wata 6 ko wata 12 ya danganta da irinta, maganin kuma kyauta ne. Da mutum ya fara sha ya daina yaɗa ta, kuma yawancin mutane ma jikinsu ba ya kamuwa ko sun zauna da mai ita. Yatsun da kuke gani sun gutsure ba cutar ce ke ci gaba ba, jijiya ce ta mutu mutum ba ya jin zafi, sai ya ɗauki tukunya daga wuta ya ƙone bai sani ba, ƙaya ta shige ƙafa ta ruɓe bai sani ba. Akwai wani tsoho da na yi ta wanke wa miki, ya warke tun ina makaranta, amma har yanzu a gidan biki kwanonsa daban, kofinsa daban an ɗaura masa tsumma a hannu don kada a haɗa. Duk Lahadin ƙarshe na Janairu sai a yi ranar kutare, a kai sabulu da shinkafa a ɗauki hoto a dawo. Haka masu yoyon fitsari, yarinya ta sha doguwar naƙuda ɗa ya mutu miji ya sake ta, a ware mata ɗaki a bayan gida saboda wari, kuma aiki ake yi a ɗinke da yawa su warke sarai.

Baba Fasto (Ngawundere): 'Yata Saratu Allah ya yi miki albarka. Abin da kika faɗa ya sa na koma Littafin Firistoci 13. A can doka ta ce kuturu ya sa yagaggun tufafi, ya rufe leɓensa na sama, yana tafiya yana kira cewa shi marar tsarki ne, ya zauna shi kaɗai a bayan zango. To ku auna mutumin da ya yi shekaru babu wanda ya dafa kafaɗarsa. Yesu yana iya warkar da shi da magana daga nesa, ya yi wa kutare 10 haka a Luka 17, suna cikin tafiya ne suka tsarkaka. Amma wannan na Markus sai ya miƙa hannu ya taɓa shi, tun yana kuturunsa. Taɓawar ta riga warkewar. Haka macen nan mai zubar jini, ta riga ta warke a ɓoye tana shirin sulalewa, Yesu ya tsaya a tsakiyar taro yana tambaya wa ya taɓa ni, ba don ya kunyata ta ba, don taron nan su ji da kunnensu yana kiranta 'yata. Da ta tafi shiru da jikinta ya warke amma gari na nan yana gudunta.

Bitrus (Mokolo): Baba na ji, amma duk waɗannan marasa lafiya ne. Ku kawo mini wanda ya kashe mutum.

Baba Fasto (Ngawundere): Shawulu. Yana tsaye yana tsaron tufafin masu jifan Istifanus, ya yarda da kisan, daga nan ya bi gida gida yana jan maza da mata zuwa kurkuku. Kuma ɗana ka lura Littafi bai ɓoye tsoron ikkilisiya ba. Da Ubangiji ya aiki Hananiya wurinsa a Dimashƙu sai da Hananiya ya yi gardama, ya ce na ji labarin mutumin nan da muguntar da ya yi. Da ya zo Urushalima ma almajirai duka tsoronsa suke ji, ba su yarda ba, sai da Barnaba ya kama hannunsa ya tsaya masa. Ba wanda aka tsawata wa don ya ji tsoro. Amma an sami mutum ɗaya da ya shiga ɗakin ya ɗora masa hannu ya ce ɗan'uwa Shawulu. Ba na ce kai ne za ka zama mutumin nan ba, kai mikinka ɗanye ne, ba a tilasta wa mai makoki. Amma in duk ikkilisiya babu Hananiya ko ɗaya to akwai matsala.

Bitrus (Mokolo): Shawulu Yesu da kansa ya kayar da shi a hanya, ya makance kwana 3, akwai shaida. Waɗannan yunwa ce da faɗan da suke yi tsakaninsu ya koro su. Tuban muzuru

Dauda ƙarami: To ai ɗan nan ɓatacce na misalin Yesu a Luka 15 ma yunwa ce ta koro shi Yaya Bitrus, ba son babansa ba, lissafin abincin barori ya yi ya ga gara ya koma

Saratu nas: Kai Dauda ashe kana ji a Sande sukul

Yakubu (Njamena): Na daɗe ina karantawa ban so in yi magana ba amma bari in yi. Ni ba labari na ji ba, ni ne. Na yi zaman gidan yari saboda sata, kuma ba ƙazafi aka yi mini ba na yi, kayan shagon mutum na kwashe don arki da ƙwaya sun riga sun cinye ni. A ciki ne wani mai bishara yake zuwa mana, ni don sabulun da yake kawowa nake zama. Wata rana ya karanta labarin Zakka, abin da ya tsaya mini shi ne Yesu ya kira sunansa yana bisa itace ya ce yau a gidanka zan sauka, alhali mutumin bai ce ya tuba ba bai mayar da ko sisi ba. Na yi kuka a daren nan na yi addu'a yadda na iya. Amma gaskiyar da nake so in faɗa muku ita ce ranar da na fito ban zama wani sabon mutum da za ku gani ku gane ba. Ƙishin abin yana nan, gidanmu sun rufe ƙofa, a majami'a in na shigo sai in ga mata suna jawo jaka suna ɗorawa a cinya, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya riƙe ni wata tsohuwa ce mai sharar majami'a, gwauruwa, ta ce in riƙa zuwa ina ɗebo mata ruwa. Wata Asabar za ta je jana'iza ƙauye sai ta kwance makullin ɗakinta daga bakin zani ta ba ni, ta ce hatsina na ciki da kuɗin adashe a ƙarƙashin tabarma, ka kula mini. Ta faɗa mini ma inda kuɗin yake! Na zauna a ƙofar ɗakin nan jikina na rawa, na kwana a waje kan dakali ban ko shiga ba. Daga ranar ne na fara yarda cewa abin da mai bisharar nan ya karanta da ni ake. Aiki kuma wani Alhaji mai garejin moto ne ya ba ni, ya san tarihina sarai, ya ce in dai ka daina to zo. Yanzu ina da mata da yara, mai shagon kuma na biya shi kaɗan kaɗan har na gama, ranar ƙarshe ma ya ƙi karɓa sai da na nace.

Maman Rifkatu (Marwa): Kai ɗana ka sa ni hawaye. Allah ya ƙara riƙe ka

Bitrus (Mokolo): Yakubu na gode da ka buɗe cikinka, ba kowa zai iya ba. Amma ka ga ka ba ni hujja da bakinka, ka biya. Zakka ma ya tashi ya ce rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki 4. Wannan shi ne tuba da ake gani da ido. Wanda ya ƙone rumbun mutane ya kashe musu 'ya'ya me zai mayar? Ko haƙuri ban ji sun zo sun ba mu ba, ana koya musu sana'a ana ciyar da su, matar yayana kuwa tana sayar da itace da marayu biyar ba wanda ya tambaye ta.

Yakubu (Njamena): Gaskiya ne na biya amma ka duba jerin, makulli aka fara ba ni sannan na biya. Da tsohuwar nan ta ce sai na gama biya za ta yarda da ni da yanzu ina ciki karo na biyu ko na mutu

Malam Istifanus (Garwa): Ku biyun duk kuna kan Luka 19 ne, ɗaya ya riƙe aya ta 5 ɗaya ya riƙe ta 8. Ni dai a ganina ba a isa a yanke ɗaya a bar ɗaya ba. Afisawa 2 ta ce ta wurin alheri aka cece mu ba ta ayyuka ba, amma ka ƙara aya ɗaya gaba sai ka ga an ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka. Kuma Bitrus maganar matar yayanka ba ƙarama ba ce, ita ma an yar da ita ai, ta wata hanyar. Muna iya zama muna ta muhawara kan tubabbu don maganar tana da daɗin ja, gwauruwar da ke bayan majami'a kuwa tun ranar da aka share makoki ba wanda ya leƙa.

Pol (Tokombere): Ni ɗan Katolika ne amma ku bar ni in ƙara ɗaya daga wajenmu. Kakanninmu na duwatsun Mandara su kansu ai waɗanda aka yar ne, ana farautarsu a sayar, ana musu kallon ba mutane ba, har turawan mulki ba su damu da su ba sai wajen haraji. Baba Simon ɗan kudu ne daga wajen Edeya, yana cikin 'yan Kamaru na farko da aka naɗa fada a 1935, yana da babbar majami'a a Duwala ya bari ya zo nan a 1959 yana da shekara sama da 50. Ba takalmi yake yawo a duwatsun nan, yana zama da tsofaffi masu tsafi yana sauraronsu, ya nace a sa yara makaranta lokacin da iyaye ke ɓoye su. Ya rasu a 1975, a 2023 Fafaroma Faransis ya amince da nagartar rayuwarsa a matakin da ake bi kafin a kira mutum waliyyi. Abin da nake so in ce, jikokin waɗanda aka ƙi ci da su a kwano ɗaya yau su ne likitoci da malamai da fastoci da fada, kuma mu ɗin nan ne yanzu muke matsawa daga bencin yarinyar da Mama ta faɗa. Abin kunya ne wallahi

Baba Fasto (Ngawundere): Haka yake Pol. A nan Adamawa ma mishan na farko da suka zo a shekarun 1920, Amurkawa da 'yan Norwe, da yawa daga waɗanda suka fara matsowa kusa da su bayi ne da marasa lafiya da marasa galihu, manya ba su kula ba. Ina so kuma in gyara wani tunani, don ina jin wa'azi yanzu cewa in alheri ya same ka dole komai ya gyaru, ciwo ya tafi kuɗi su zo. Mefiboshet ɗan Yonatan a 2 Sama'ila 9, sarki Dawuda ya aika aka ɗauko shi daga Lodebar, yana kiran kansa mataccen kare, aka mayar masa da gonakin kakansa aka ce kullum a teburin sarki zai ci. Babin ya ƙare da cewa gurgu ne ƙafa biyu. Ƙafar ba ta miƙe ba har abada, wurin zamansa ne ya canza. Tsohon da Saratu ke wanke wa miki yatsunsa ba za su tsiro ba, amma tsumman nan da ke hannun kofinsa mu muka ɗaura mu ne kuma za mu iya kwancewa.

Dauda ƙarami: Baba to horo fa? Don ni abin yana ɗaure mini kai. Yarinya ta yi ciki a sa ta bencin baya wata shida kowa yana kallonta, saurayin kuwa yana gaba yana kaɗa gita

Maman Rifkatu (Marwa): Faɗa musu Dauda! In babansa dattijo ne ma ba a ko kiran sunansa

Baba Fasto (Ngawundere): Horo yana cikin Littafi ba zan ce a soke ba, amma don a dawo da mutum ake yi. Bulus da ya ce wa Korantiyawa su fitar da wani, a wasiƙa ta biyu kuma yana cewa horon da aka yi wa mai laifi ya isa, a gafarta masa a ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Horon da ke kama mace ya bar namiji kuwa, wannan irin na mutanen Yohanna 8 ne da suka jawo matar ita kaɗai. Amma wannan mu ba shi ranarsa daban, zai yi tsawo.

Bitrus (Mokolo): Ni dai in rufe nawa. Ban canza ba a kan maganar tsaro, duk wanda ya fito daga daji sai hukuma ta tantance, sai lawan da mutanen gari sun san da shi, kuma sai ya tsaya gaban waɗanda ya cuta ya faɗi abin da ya yi. Gafara daban, a ba mutum gadin ƙofar majami'a daban. Ko zan iya gafartawa ni kaina wannan tsakanina da Allah ne, ina addu'a a kai, wani lokaci Addu'ar Ubangiji ma in na zo wajen nan na gafara sai in yi shiru in bar sauran su wuce

Yakubu (Njamena): Ba wanda zai ga laifinka ɗan'uwa. Ni ma da zan ba da shawara ba zan ce a ba sabon tuba ajiyar baiko ba, tsohuwar nan da nata ta yi kasada ba da na ikkilisiya ba

Maman Rifkatu (Marwa): To ni dai na ji abin da zan kai wa zumuntar mata ran Alhamis. Muna da taron gunduma wata mai zuwa, kullum ƙosan karin safe wurin wata muke ba da kwangila, wannan karon zan ce a ba yarinyar nan, in sun ƙi ci su kwana da yunwa. Bitrus ka turo mini ta gefe yadda za a sami matar yayanka, muna da 'yan zumunta a Mokolo

Bitrus (Mokolo): To Mama zan turo. Amma ku fara yi mata magana a hankali, ba ta son a ji kamar roƙo take

Saratu nas: Mama ku tambayi yarinyar ma ko an yi wa yaron takardar haihuwa da rigakafi, yawancin waɗanda aka haifa a daji ba su da ko ɗaya, kuma ba takarda ba zai iya zana jarabawar gama firamare ba. In babu sai an bi ta kotu, akwai ɗan kashe kuɗi amma ana yi.

Maman Rifkatu (Marwa): Ban taɓa tunanin wannan ba sam. Gobe in na je sayen ƙosai zan tambaye ta